Neman jerin DNA da kalma: akwatin da ke karanta bayan buhu

Duk ɗalibin da ya fara aikin bincike a kan ƙwayoyin gado, abu na farko da ake nuna masa shi ne wani dogon akwati a saman shafin NCBI, cibiyar bayanan halittu ta gwamnatin Amurka. Ka rubuta sunan wata halitta ko wata cuta, ka latsa, kafin ka ƙifta ido sakamako ya zubo: jerin DNA ɗari, dubu, wani lokaci har miliyan. Ba rajista, ba biyan kuɗi sai na data. Kamarsa ɗaya da akwatin Google, shi ya sa ake yarda da shi ido rufe.

A ganina wannan yardar ta yi yawa, kuma tana da tsada. Daga wannan akwati ake samo jimlar nan da ke yawo a kundayen digiri da maƙaloli, wai babu jerin DNA na halitta kaza daga ƙasa kaza, ko wai guda kaza kacal ake da su. Daga shi ake kwaso jerin da za a zana bishiyar dangantakar halittu, ko a tsara gwajin gano cuta. To, akwatin nan fa ba ya karanta DNA ko harafi ɗaya. Abin da yake karantawa shi ne rubutun da mutum ya yi a kan DNA ɗin. Kamar ka shiga sito cike da buhunan hatsi ne, ka ce wa yaron sito ya fito maka da gero, shi kuwa ya bi yana duba abin da aka rubuta a bayan kowane buhu, bai kwance ko ɗaya ba.

Abin da ke cikin rumbun

An kafa GenBank a 1982 a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka, a ƙarƙashin Walter Goad. A watan Disamba na wannan shekara jeri 606 ne kawai a ciki, haruffansu gaba ɗaya 680,338. A 1992 rumbun ya koma hannun NCBI. Yau ana maganar biliyoyin jeri ne, kuma GenBank na musayar bayanai kullum da takwarorinsa biyu, ENA a Ingila da DDBJ a Japan, don haka abin da aka saka a ɗaya yana bayyana a sauran.

Kowane shafi a GenBank kashi biyu ne. A ƙasa akwai jerin kansa, haruffa huɗu, A, C, G da T, suna ta maimaituwa. A sama kuwa akwai bayanin da mai kawowa ya cike: lambar rajista, take, sunan halitta, sunayen masu binciken, taken maƙalarsu, inda aka ɗauko samfurin da ranar ɗauka, da sunan ƙwayar gadon da ke cikin jerin. Injin nema na NCBI, wato Entrez, wanda aka fara rarrabawa a faifan CD a 1991, wannan kashi na sama yake bi.

Wani abin dariya ma, a kowane shafi akwai layi mai suna KEYWORDS, wato gurbin kalmomin nema. Buɗe shafuka kaɗan ka gani: a yawancinsu ɗigo ɗaya ne kawai a wurin. NCBI da kanta ta bayyana cewa layin gadon tarihi ne, kuma ba shi da tsayayyun kalmomi. Saboda haka idan ka rubuta kalma ba ka faɗi gurbin da kake nufi ba, injin zai neme ta ko'ina a cikin bayanin. Daga nan matsala ke farawa.

Ka nemi Nijar, a ba ka funfuna

Ɗauki ɗalibin da ke son sanin jerin DNA nawa aka taɓa sakawa daga Jamhuriyar Nijar. Rumbun da Turanci yake, don haka zai rubuta Niger. A harshen Latin, wanda da shi ake raɗa wa halittu suna, niger na nufin baƙi. Sai ga Aspergillus niger, baƙar funfunar nan da ke kama albasa a ajiya, wadda kamfanoni ke amfani da ita wajen yin sinadarin tsami na lemon kwalba, kuma an yi ta nazarinta a duniya. Sai ga Lasius niger, wata baƙar tururuwa ta Turai. Sai ga samfuran Jihar Neja da na yankin Neja Delta a Najeriya, tunda su ma Niger ake rubuta su. Lambar da za ta fito a saman shafi babba ce, amma ba ta da alaƙa da tambayarsa.

Mali ma haka take. A Latin mali na nufin "na tuffa", shi ya sa ake da Valsa mali da Alternaria mali, cututtukan bishiyar tuffa. Guinea za ta kawo maka ɓeran masar da zabo, don sunayensu na Turanci na ɗauke da kalmar, ga kuma Papua New Guinea da ke can kusa da Ostareliya. Kano kuwa sunan dangi ne a Japan, kuma sunayen marubuta na cikin abin da injin ke bi, don haka mai neman samfurin Kano na iya tarar da aikin wani masanin Japan da bai taɓa taka Afirka ba.

Ko kalmar ba ta da ma'ana biyu, akwai wani tarko. Taken maƙala na manne da kowane jeri da aka kawo tare da ita. Idan taken ya ambaci Najeriya, duk jerin za su amsa kiran Nigeria, har da wanda aka ɗauko daga wata ƙasa don kwatance. Sannan injin na yi maka ƙari a ɓoye. Ka rubuta mouse, zai nemo jerin ɓera, ya haɗa da duk shafin da kalmar ta fito a ciki, har da ƙwayoyin cutar da aka samu a jikin ɓera. Akwai ɗan akwati a gefen shafin sakamako mai suna Search details da ke nuna yadda injin ya fassara tambayarka. Nan gaskiyar take, amma an ajiye shi a lungu, ita kuwa lambar sakamako an ɗora ta a sama inda ido ke fara sauka. Wannan laifin masu tsara shafin ne.

Suna na canzawa, tsohon rubutu na nan

Samun abin da ba ka nema ba da sauƙi, ai kana ganinsa, za ka iya tsincewa. Wanda ya fi haɗari shi ne abin da ke cikin rumbun amma bai amsa kiranka ba, don ba ka san ka rasa shi ba.

Gero misali ne mai kyau. An daɗe ana kiransa Pennisetum glaucum, a tsofaffin littattafai kuma Pennisetum typhoides ko Pennisetum americanum. Bayan nazarin da ya haɗe dangin Pennisetum da na ƙarangiya a 2010, NCBI na kiransa Cenchrus americanus. Idan kuma ka rubuta millet kawai, za ka kwaso tamba da wasu hatsin Asiya da ba gero ba. Ƙwayoyin da ke sa nono da koko tsami su ma an taɓa su: a 2020 aka raba dangin Lactobacillus gida 25, Lactobacillus plantarum ya zama Lactiplantibacillus plantarum. Ƙwayar zazzaɓin Lassa, wadda ta samo suna daga garin Lassa na Jihar Borno a 1969, yanzu sunan jinsinta a hukumance Mammarenavirus lassaense. Jerin farko na ƙwayar korona, mai lamba MN908947 da haruffa 29,903, da sunan kasuwar kifi ta Wuhan ya shiga GenBank, kafin a raɗa mata SARS-CoV-2 ranar 11 ga Fabrairu, 2020.

A yi wa NCBI adalci, tana da ma'aikatan da ke kula da sunayen halittu, kuma idan ka nemi tsohon suna a gurbin halitta, injin kan kai ka ga sabon. Sai dai wannan gyara bai kai sauran gurabe ba. Gurbin da ake rubuta mai ɗauke da cuta, misali, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Mai neman Sclerospora graminicola, cutar da ke lalata zangarniyar gero, zai ga wani ya rubuta pearl millet, wani Pennisetum glaucum, wani ma ya bar wurin fayau.

Akwai kuma inda babu gyaran da zai yi aiki. Shekaru da dama sauron Anopheles gambiae, babban mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro a Afirka, ana raba shi gida biyu, M da S. A 2013 Maureen Coetzee da abokan aikinta suka ɗaga M ya zama jinsi mai zaman kansa, Anopheles coluzzii, wanda ya yi ƙaurin suna a yankin Sahel. To, tsohon jerin da aka rubuta masa Anopheles gambiae kawai, ba M ba S, wace kalma ce za ta gaya maka wanne ne? Babu. Mai nazarin yadda sauro ke bijire wa maganin feshi, idan ya kwashe su duka a matsayin jinsi ɗaya, ya gauraya sauro biyu da halayensu suka bambanta.

Ƙwayar gado ɗaya, suna biyar

Sunayen ƙwayoyin gado sun fi na halittu rikici. Akwai wani yanki mai haruffa 658 da Paul Hebert ya ba da shawara a 2003 a riƙa amfani da shi wajen tantance jinsin dabbobi. A GenBank za ka gan shi a matsayin COI, ko CO1, ko COX1, ko coxI, a ɗan Adam kuma MT-CO1. Wanda ya nemi ɗaya kawai ya bar saura a baya. A ɗaya gefen kuma akwai sunayen da suka yi karo da kalmomin yau da kullum: CAT sunan ƙwayar gado ne, kuma shi ne kyanwa da Turanci.

Har manhajar Excel ta sa hannu a wannan ɓarna. Idan ka rubuta SEPT2 ko MARCH1, sai ta ɗauka kwanan wata kake nufi, ta mayar da su 2 ga Satumba da 1 ga Maris. A 2016 Mark Ziemann da abokan aikinsa suka duba maƙalolin da ke ɗauke da jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na da irin wannan kuskure. Abin ya kai kwamitin raɗa sunayen ƙwayoyin gadon ɗan Adam ya sanar a 2020 cewa ya canza wasu sunaye: MARCH1 ya koma MARCHF1, SEPT1 ya koma SEPTIN1. An magance matsala ɗaya, an kuma ƙara wa mai nema sabon suna da zai tuna.

Ga kuma tarin jerin da ba su da suna ko kaɗan. Miliyoyin furotin an rubuta musu hypothetical protein ne kawai, ma'ana kwamfuta ta hango akwai furotin a wurin amma ba a san aikinsa ba. Ƙwayoyin da aka samo daga ƙasa ko ruwa da yawa uncultured bacterium ne sunansu. Waɗannan buhuna ne da ba a rubuta komai a bayansu ba, kuma a cikinsu ne sabon ilimi ya fi ɓuya.

Idan rubutun kansa kuskure ne fa?

GenBank ma'ajiya ce. Dokarsa ita ce wanda ya kawo jeri shi ke da ikon gyara shi. Idan ɗalibi ya saka jeri da sunan da ba daidai ba, ya gama karatu ya kama wata sana'a, kuskuren na iya zama a wurin shekara da shekaru. A 2008 masana sama da 200, yawancinsu masu nazarin funfuna da danginta, suka sa hannu a wata wasiƙa a mujallar Science suna neman a bar wasu su riƙa yin gyara. Suna da dalili: wani nazari na Henrik Nilsson da abokan aikinsa a 2006 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na jerin funfuna da suka duba na iya ɗauke da sunan jinsin da ba nasu ba. A 2020 Martin Steinegger da Steven Salzberg suka gano shafuka sama da miliyan 2 a GenBank da DNA na wata halitta daban ya gurɓata.

Kuskure kuma yana haihuwa. Kwamfuta kan ba sabon jeri suna ne ta hanyar kwafo sunan wanda ya fi kama da shi. Idan na farkon kuskure ne, na biyu ya gada, na uku ya gada daga na biyu. A 2009 Alexandra Schnoes da abokan aikinta suka duba wasu manyan dangogin furotin, suka ga kuskuren suna ya kama daga kashi 5 zuwa 63 cikin 100 a rumbunan da kwamfuta ke raɗa suna, alhali a Swiss-Prot, inda mutane ke tantancewa da hannu, kusan babu.

Kada a ɗauka rumbun duka shara ne. A 2019 Matthieu Leray da abokan aikinsa suka duba jerin dabbobi, suka tarar kuskuren sunan dangi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Darasin shi ne ingancin rubutu ya bambanta daga lungu zuwa lungu, shi kuwa akwatin nema ba ya gaya maka wane lungu kake ciki. Jerin da aka tantance da wanda aka yi wa shaci-faɗi, layi ɗaya suke fitowa, da kaya iri ɗaya.

Inda akwatin ke da amfani

Duk da wannan suka, ban ce a jefar da shi ba. Idan kana da lambar rajista, ba abin da ya fi shi sauri da tabbas. Idan ka san sunan halitta kuma ka faɗi gurbi, yana aiki sosai. Kuma akwai tambayoyin da shi kaɗai ke amsawa: wa ya kawo, yaushe, daga ina. Waɗannan ba sa cikin haruffan DNA.

Abokin tafiyarsa shi ne BLAST, manhajar da Stephen Altschul da David Lipman da abokan aikinsu suka fitar a 1990. Ita kwance buhu take yi: ka ba ta jeri, ta nemo maka masu kama da shi harafi da harafi, ko da wane suna aka ba su. Don a ga girman abin da kalma ke ɓoyewa, a dubi aikin Serratus da aka buga a mujallar Nature a 2022. Masu binciken sun bi samfura miliyan 5.7 da ke ajiye a rumbun ɗanyen bayanai na SRA, suna neman jerin wata ƙwayar gado ɗaya da ƙwayoyin bairos masu RNA ke da ita. Sun fito da sababbin bairos sama da 130,000. Duk suna nan a fili tun da can, a cikin samfuran da aka rubuta musu wasu sunaye.

Amma BLAST ma tana da iyaka. Sai kana da jeri a hannu za ka fara, kuma abin da za ta nuna maka a ƙarshe shi ne sunan da ke bayan buhun da ya fi kama da naka. Kama da wane kuwa ba wane ba ne. Hanyoyin biyu kowacce na toshe ɓarakar 'yar'uwarta, shi ya sa dogaro da ɗaya kaɗai sakaci ne.

Sannan GenBank ba shi ne duniya ba. Jerin korona masu yawa daga Afirka a GISAID aka saka su, rumbun da ke buƙatar rajista. Bayanan mutanen da suka shiga shirin H3Africa kuwa a rumbun EGA na Turai suke, sai da izini ake buɗewa. Rashin ganinsu a akwatin NCBI ba ya nufin ba a yi aikin ba.

Abin da ya kamata ya canza

Ga mai nema, abubuwan ba su da wuya. Ka faɗi gurbin da kake nufi: bayan kalmarka ka rubuta Organism, ko Title, ko Author a cikin baka mai kusurwa. Ka haɗa sunaye daban-daban na ƙwayar gado ɗaya da OR, ka cire abin da ba ka so da NOT, duka da manyan baƙaƙe. Ka yi amfani da lambar jinsi inda ya yiwu, don suna na canzawa amma lambar kan zauna. Ta ɗan Adam 9606 ce. Idan ƙasa kake nema, shafin NCBI Virus da binciken ENA mai zurfi suna da gurbin ƙasa na musamman, inda funfunar albasa ba za ta shigo ba. Ka leƙa Search details kowane lokaci. Sannan ka ɗauki jeri ɗaya daga sakamakonka ka saka a BLAST, ka ga su wa suka fito da kalmarka ba ta kamo ba.

Ga malamai masu duba kundi da masu tace maƙala, duk wanda ya rubuta cewa babu jeri kaza a GenBank, a tambaye shi ainihin abin da ya rubuta a akwatin, da ranar da ya nema. Abin da zai iya tsayawa a kai shi ne bai samu ba da waccan tambaya a waccan rana. Idan bai ajiye tambayar ba, ba wanda zai iya maimaita bincikensa, kuma abin da ba ya maimaituwa ba hujja ba ne a kimiyya.

Mafi nauyin alhaki yana kan masu saka jeri. Tun daga 2023 rumbunan uku suka fara tilasta a rubuta ƙasa da ranar ɗaukar samfuri ga sababbin bayanai, a 2024 kuma aka sauya wa gurbin ƙasa suna don ya ɗauki wurare gaba ɗaya. Mataki ne mai kyau, sai dai ya zo bayan shekara 40, kuma bai shafi abin da aka riga aka tara ba. Ɗakunan bincike a Najeriya da Nijar yanzu suna karanta DNA da kansu. Cibiyar ACEGID da ke Ede a Jihar Osun ce ta fitar da jerin korona na farko a Afirka a watan Maris na 2020. Kuɗi da wahalar da ake sha kafin a samu jeri ɗaya ba kaɗan ba ne: sinadarai daga waje, janareta, jiran kaya a tashar jirgi. Bayan duk wannan, sai a zo wajen cike fom a yi gaggawa, a bar gari da rana da mai ɗauke da cuta babu komai, a kuma manta a dawo a saka sunan maƙala bayan an buga ta. Irin wannan jeri yana cikin rumbu, amma mai nema daga Maraɗi ko Zariya ba zai taɓa ganinsa ba, sai ya rubuta cewa ba a taɓa yin aikin ba, ya nemi kuɗi ya sake yi daga farko. Minti goma na cike gurabe da kyau ne ke hana wannan asara.